Layi Uku

Faifan kwamfutar yana da sauran ɗumi a tafin hannunsa lokacin da suka fara dukan ƙofa. Ɗan abu ne da bai fi faɗin littafin aljihu ba, amma tarihin marasa lafiya na shekara takwas ne ya mutu a cikinsa da safiyar nan ta Litinin: sakamakon gwajin jini, hotunan ƙashi, hotunan ciki, sunayen magungunan da jikin wane ba ya ɗauka. Duk sun tafi.

"Na'ura! Kai Na'ura, buɗe mana!"

Sunan da asibitin ya laƙaba masa ke nan. Shekara goma yana kula da kwamfutocinsu a wannan ɗan ɗaki mai sanyi da ke ƙarƙashin bene, kuma cikin ma'aikata sama da ɗari da wuya ka sami biyar da suka riƙe sunan da ubansa ya raɗa masa. Ya ajiye faifan a kan tebur, ya zare sakata.

Babbar nas ce a gaba. A bayanta akwai ma'aikatan ɗakin kati su uku, da wani matashin likita da ya riƙe ƙugu.

"Me ya faru?" in ji ta. "Ko'ina allo ya yi baƙi. Mutane sun cika baranda har bakin ƙofar shiga."

"Rumbun da ke ajiye bayanan asibiti ne ya mutu, Sista. Na shekara biyun nan na kwafe su a wani wuri, za su dawo kafin ƙarfe ɗaya. Na shekara takwas da suka gabace su sun ɓace, ba za su dawo ba."

Sai ɗaya daga cikin 'yan ɗakin kati ya ja tsaki, ya ce, "Don Allah ka yi mana bayani da harshen mutane mana. Mu fa ba injina ba ne."

To, jama'a, da wane harshe ya yi? Ya mutu. Wasu za su dawo. Wasu ba za su dawo ba. Ko tsohuwar da ke sharar baranda, wadda ta tsaya da tsintsiya a hannu tana saurare, ta gane sarai, don kuwa salati ta yi ta dafe ƙirji. Amma a wannan asibitin an riga an yanke hukunci tun tuni cewa mutumin kwamfuta bai iya magana ba. Saboda haka in ya buɗe baki ba sauraro ake yi ba, jira ake ya gama a ce ba a gane ba.

Ranar ba ta yi kyau ba. Wata mata da aka shirya wa tiyata, an hana ta abinci tun jiya, sai mayar da ita gado aka yi, don tsofaffin hotunan cikinta da likita ke buƙata suna cikin waɗanda suka ɓace. Mijinta ya yi ta zage-zage a baranda har masu gadi suka riƙe shi. Aka buɗe sito aka kwaso tsofaffin katunan takarda da gara ta ci rabinsu. Na'ura bai ɗaga kai daga allo ba sai da bayanan shekara biyun suka dawo, ƙarfe ɗaya saura kwata, kamar yadda ya faɗa. Ba wanda ya leƙo ya ce masa sannu.

Wadda ta leƙo ita ce sakatariyar Darakta, dab da tashi daga aiki, da ambulan ɗin wasiƙa a hannu. Ta miƙa masa daga bakin ƙofa ta juya. An kafa kwamitin bincike, zai zauna ranar Alhamis da ƙarfe goma, kuma ana tuhumarsa da cewa bai sanar da hukuma haɗarin da ke tafe ba.

Ba aikin kansa ne ya dame shi ba. Mai irin hannunsa ba ya rasa wurin aiki. Inna, mahaifiyarsa, ita ce damuwar. Ƙodarta ta daina aiki shekara uku da suka wuce, kuma duk Talata da Juma'a ake ɗora ta a injin wankin ƙoda a hawa na biyu na wannan asibitin, don dokar wurin ta ba ma'aikaci damar saka iyayensa a jerin waɗanda ake yi wa. Ranar da aka karɓe katin aikinsa, ranar za a cire sunanta. A wasu asibitocin sai mutum ya yi wata huɗu yana jiran gurbi, ita kuwa ko mako ɗaya ba za ta iya tsallakewa ba.

Ya jawo durowa ya ciro takardar da ya rubuta mako bakwai da suka wuce. Layi uku ce tak:

"Faifai ɗaya cikin huɗu na rumbun bayanai ya lalace, na biyu kuma ya fara ƙara.

In na biyun ya tsaya, bayanan marasa lafiya za su ɓace.

A sayi sababbi biyu cikin makon nan, a kuma dawo mini da rumbu na biyu da aka ɗauke."

A ƙasanta ga hatimin ofishin hulɗa da jama'a, shuɗi shar, "An gani," da kwanan wata da sa hannu.

Me ya kai takardar rumbun kwamfuta ofishin hulɗa da jama'a? Yauwa, ai nan maganar take. Shekara biyar da suka wuce, a wani taron ma'aikata, babban likitan tiyata ya miƙe yana bambami wai kwamfuta ta cinye masa fayil. Na'ura ya ɗaga hannu ya ce, "Ba ta ci ba, likita. Kai ka goge shi ranar Laraba da ƙarfe uku da minti goma." Gaskiya ce, kuma kowa ya gane ta, har wani ya ƙyalƙyale da dariya a baya. Likita ya fita a fusace. Washegari Darakta ya kafa doka: Na'ura ya daina zuwa taro, kuma duk takardar da ta fito daga ɗakinsa sai ta bi ta hannun jami'in hulɗa, ya juya ta zuwa maganar da ta dace da kunnen manya, sannan ta hau teburin Darakta. Jami'in hulɗa wani dogo ne mai ƙamshin turare, kowa Zuma yake ce masa saboda bakinsa.

Na'ura bai yi gardama da dokar ba. Gaskiyar magana ma ya ji daɗin rabuwa da taro. Kuma a nan ya yi wautar da sai irinsa ke yi. A aikinsa, in ka aika saƙo ya dawo maka da alamar an karɓa, magana ta ƙare, abin da ka aika shi ne abin da ya isa. Da ya ga hatimin nan sai hankalinsa ya kwanta rabi. Ya koma ya tsinto wani tsohon faifai a sito, ya kwafe iya abin da zai ɗauka, ya zauna jiran sababbi. Bai taɓa tambayar ganin abin da Zuma ke kai wa Darakta da sunansa ba.

Yau ya gani. Yana cikin ambulan, an maƙala shi a matsayin hujja. Shafi biyu ne cif.

"Sashen kwamfuta yana farin cikin sanar da mai girma Darakta cewa, albarkacin hangen nesansa, ayyuka suna tafiya cikin nasara. Sai dai, kamar kowane aikin ɗan Adam, akwai 'yan wuraren da za a iya ƙara ingantawa nan gaba idan hali ya samu."

Ya karanta har ƙarshe, ya dawo ya sake. Babu faifai, babu ɓata, babu makon nan. Ya ji kamar ya ɗauki mataccen faifan ya haura bene ya kwaɗa wa wani a goshi.

Washegari Talata ya turo Inna a keken marasa lafiya zuwa hawa na biyu. Nas ta soka mata allurai biyu a hannu, jini ya bi siririn bututu ya shiga inji, injin ya fara gurnaninsa na awa huɗu. Ya lulluɓe mata ƙafa da bargo, don ɗakin yana sa ta rawar sanyi. Bai yi niyyar gaya mata ba, amma Inna ba a ɓoye mata fuska.

"Auta, wa ya taɓa ka?"

Ya zauna a gefen kujera ya kwashe labarin ya ba ta, tun daga faifai har hatimi. Ba ta taɓa danna kwamfuta ba a rayuwarta, amma ba ta ce ya maimaita ko kalma ɗaya ba. Da ya zo wurin tuhuma sai ta ɗago kai daga matashi.

"Wai kai ne ba ka iya magana ba? Kai? Kai da na sha toshe wa baki da hannu kana ƙarami don baƙi su samu su gaisa da ubanka? 'Ya'yanka ma in ka fara ba su labari ba sulalewa suke ɗaya bayan ɗaya ba?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"A can ba haka suke gani ba, Inna. Wai mu masu aikin kwamfuta da inji kawai muke jituwa."

"Ƙarya suke. Ba ka iya shafa musu mai a baki ba dai, ka gaji ubanka. Takardar tana wurinka?"

"Tana nan."

"To ka karanta musu ita da babbar murya."

Ya mayar da idonsa kan bututun da jininta ke bi. Ta bi idon nasa da kallo, ta kama hannun rigarsa da hannunta mara allura ta jijjiga.

"Kada ka dube ni. Na ga abin da kake tunani rubuce a goshinka. Ban haife ka don ka tsaya gaban ƙattai ka amsa laifin da ba naka ba. Wallahi in ka yi ƙarya saboda ni, kada ka zo ka zauna a kujerar nan."

"Inna, ki kwanta, kina motsa allura."

"Ka ji dai abin da na ce."

Ranar Laraba ya shiga ofishin Zuma ba tare da an ce ya shigo ba. Ofis ne mai kafet da furannin roba. Zuma ya miƙe da hannu biyu a buɗe kamar ya ga ɗan uwan da ya dawo daga tafiya.

"A'a, Injiniya da kansa! Yau rana ta fito mana. Ya aiki? Ya iyali? Ya ƙoƙari?"

Na'ura ya ajiye takardun biyu a kan tebur, gefe da gefe.

"Ina layi ukuna suka tafi?"

"Haba ɗan uwa, zauna mana a kawo maka shayi."

"Ina suka tafi?"

Zuma ya zauna, ya gyara hannun rigarsa, murmushin bai gushe ba.

"Ka ga, matsalarku ke nan ku mutanen inji. Ba a yi wa manya magana haka. A sayi, a dawo mini da shi, cikin makon nan! Darakta ne fa, ba ƙaninka ba. Ni rufa maka asiri na yi. Da na kai masa yadda ka rubuta, da tun ranar ya ce ba ka da kunya."

"Da ya ce ba ni da kunya, ya sayi faifai. An mayar da mata daga ƙofar ɗakin tiyata saboda ladabinka."

"Ka ji ka ko? Ai na rubuta akwai wuraren da za a inganta. Mai hankali ya san abin da ake nufi."

"Gobe za ka gaya musu kai ka canza ta."

"Gobe ni mai rubuta bayanan zama ne kawai, bakina a rufe yake." Ya ɗan sunkuyo, ya sassauta murya. "Af, ya jikin Inna? Jiya na hango ku a hawa na biyu. Baiwar Allah, ta rame. A gaishe ta, ka ce muna yi mata addu'a. Allah Ya sa kada abin da zai katse mata wankin nan."

Kai! Wannan shi ne wanda asibiti ke kira gwanin magana. Ya ɗora maka wuƙa a wuya da sunan gaisuwa, kuma in ka kai ƙara a ce me ya faɗa in ban da addu'a. Na'ura ya tattara takardunsa. Bai rufe ƙofar da ƙarfi ba, ko da yake ya so.

Ranar Alhamis su huɗu ya tarar a bayan dogon tebur: Darakta, dattijo mai furfura da tabarau a goshi, sai babbar nas, sai shugabar sashen ma'aikata, sai Zuma a can ƙarshe da littafi da biro. Mutumin da ya kamata ya zauna a kujerar tuhuma shi aka ba wa rubuta abin da za a ce an faɗa. Aka nuna wa Na'ura kujera ɗaya tilo a tsakiyar ɗaki.

"Muna sauraronka," in ji Darakta. "Ka yi ƙoƙari ka sauƙaƙa, ka san mu ba fanninmu ba ne."

Na'ura ya miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, rumbun nan kamar teburin da ke gabanka ne, ƙafa huɗu gare shi. An yi shi yadda in ƙafa ɗaya ta karye zai tsaya da uku. In ta biyu ta karye, duk abin da ke kansa ya zube. Mako bakwai da suka wuce ta farko ta karye, ta biyu ta fara rawa. Da muna da teburi na biyu a gefe, inda nake kwafe komai kullum. Bara aka ɗauke shi aka haɗa da kyamarorin wurin ajiye motoci. Ga takardar umarnin, sa hannunka ne a ƙasa."

Ya ajiye ta. Ya ɗauki tasa mai layi uku ya karanta a fili, a hankali, har da kwanan watan da ke cikin hatimi. Sannan ya ɗauki mai shafi biyu ya karanta ta ita ma, duka, har da hangen nesa da aikin ɗan Adam. Tun bai kai rabi ba babbar nas ta sunkuyar da kai ta rufe ido.

"Laifina ɗaya ne, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na ga hatimi na ɗauka saƙo ya isa. Sau biyu na zo ƙofarka, sakatariya ta ce in bi ta ofishin hulɗa, na koma. Da na sani da na tsaya a jikin motarka har ka fito. Amma ga takardu biyu, ranka ya daɗe. Ɗaya ni na rubuta, ɗaya an rubuta da sunana. Wacce ka fi ganewa?"

Darakta ya sauke tabarau daga goshi, ya dubi layi ukun, ya daɗe yana dubawa fiye da yadda layi uku ke buƙata. Biron Zuma yana kwance a kan littafi. A tsawon maganar nan duka bai cika rabin shafi ba.

Shugabar ma'aikata ce ta fara samun baki.

"Malam, ka rage murya."

Bai ɗaga murya ba. Ko sau ɗaya bai ɗaga ba.

"Ka ga irin abin da ake faɗa a kanka ke nan," ta ci gaba. "Ana zaune cikin mutunci, kai kana nuna wa Darakta sa hannunsa a gaban mutane, har kana yi masa tambaya. Haka ake magana?"

Darakta ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Ya ce kowa ya ba su wuri.

Da suka rage su biyu, dattijon ya shafa fuska da tafin hannu. Na'ura ya ga ya tsufa fiye da yadda yake ɗazu.

"Na gane," in ji shi. "Kowa a ɗakin nan ya gane. Ka iya bayani, ban taɓa sani ba."

"Shekara biyar ba ka bar ni na shigo ba, ranka ya daɗe."

"Haka ne." Ya jawo wata takarda daga ƙarƙashin fayil. "Masu asibitin suna son dalili ɗaya ranar Litinin. In na kai musu naka, laifin zai koma kan dokata da sa hannuna. Za su turo nasu masu bincike, kuma ƙa'ida ita ce a dakatar da wanda ake tuhuma har a gama. Wata uku, wata shida, ban sani ba. Ƙila a ƙarshe ka yi nasara, ƙila ni in tafi. Amma wanda aka dakatar ana karɓar katinsa a ranar, kuma ka san abin da ke tafiya da katin."

Ya turo takardar. "In ka sa hannu a nan, gargaɗi ne kawai, da kwas na mako biyu. Gobe a sayi faifanka, a dawo maka da rumbunka. Magana ta mutu."

Na'ura ya karanta. Jimla ɗaya ce: "Na amince cewa rashin iya isar da saƙo daga gare ni shi ne ya hana hukumar asibiti sanin girman haɗarin." An buga ta tun kafin a shigo ɗakin, kuma salon ba ɓoyayye ba ne. Ashe Zuma ya iya rubuta gajeriyar magana da kowa zai gane in ya ga dama!

"Wannan ƙarya ce, ranka ya daɗe."

"Na sani."

"Ka san ƙarya ce, kuma kana so in sa mata hannu."

"Ba na so. Ina gaya maka abin da ke gabanka ne."

Ya tsani dattijon nan, ya tsani taushin muryarsa, ya tsani yadda yake magana kamar ruwan sama ne ya kawo takardar ba hannunsa ba. Ya so ya yayyaga ta ya watsa masa a fuska, ya fita ya tsaya a baranda ya karanta wa duk asibitin layi ukun nan. Yana da hujja, yana da hatimi, yana da gaskiya. Ya ƙirga kwanaki: gobe Juma'a, sai Talata, sai wata Juma'ar. Ya taɓa ganin yadda ƙafafun Inna suka kumbura da numfashinta ya riƙa sarƙewa lokacin da inji ya lalace aka ɗaga mata kwana biyu kacal.

"Ba ni biro," ya ce.

A baranda babbar nas tana jiransa. Ta dubi hannunsa, ba takarda, ta gane.

"Na ji kowace kalma da ka faɗa," ta ce a hankali. "Wallahi na ji."

"To ki faɗa musu, Sista."

Ta gyara agogon da ke maƙale a ƙirjinta, ta ce ana jiran ta a ɗakin haihuwa.

Ranar Juma'a da tsakar rana aka tara ma'aikata a babban ɗakin taro. Karo na farko cikin shekara biyar aka aiko masa ya zo, aka ma ba shi kujera a sahun gaba. Zuma ne ya karanta sakamakon bincike. Ya yabi haƙurin ma'aikata, ya yabi tausayin Darakta, ya ce a kowane gida akwai ɗan da Allah Ya ba wa ƙwaƙwalwa bai ba shi baki ba, kuma ba a yar da irinsa, koya masa ake yi. Sannan ya karanta jimlar da Na'ura ya sa wa hannu, ya ɗan dakata don ta shiga kunnen kowa. Ya sanar da cewa ɗan uwanmu zai yi kwas na mako biyu kan dabarun magana da abokan aiki, kuma shi da kansa zai koyar da shi, ba don komai ba sai don zumunci.

Aka tafa. Babban likitan tiyata ya fi kowa tafi.

"Injiniya," in ji Zuma yana miƙo masa makirufo, "ko kana da abin da za ka ce wa 'yan uwa?"

Na'ura ya miƙe. Ya karɓi makirufon. Ya dubi fuskoki sama da ɗari, 'yan ɗakin kati, masu gwajin jini, Darakta da ke kallon farcensa, babbar nas da ke kallon ƙasa. Maganar tana nan a bakinsa a jere, tsaf, ya san ta farko, ya san ta ƙarshe, kuma ya san ba wanda zai ce bai gane ba. Agogon bango ya nuna biyu saura minti ashirin. Ƙarfe biyu ake ɗora Inna.

"Babu," ya ce.

Dariya ta ɓarke. "Ai dama!" in ji wani daga baya. "Mutanen kwamfuta ke nan, sai ka matse su kafin kalma ɗaya ta fito." Zuma ya dafa kafaɗarsa yana dariya, ya ce to kun ga amfanin kwas ɗin.

Ya fito kafin a watse. Inna tana ƙasan bene a kekenta, matarsa ta kawo ta ta tafi ɗauko yara daga makaranta. Tun daga nesa ta hango shi ta gyara zama, ta zuba masa ido. Za ta tambaye shi me ya ce musu jiya, kuma ba za ta jira su kai hawa na biyu ba. Barandar doguwa ce. Ya rage sauri yana neman yadda zai faɗa mata, ya ɗauko wannan kalma ya ajiye, ya ɗauko waccan ya ajiye. Har ya iso ya kama hannun keken bai samu ba.